Jirage biyu kafaɗa da kafaɗa a sararin Jidda: kuskure ne ko tsari?

Alhaji Sani, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga Umara, kuma na ga nan ne ya dace in kawo shi, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka san harkar. Ranar da za mu sauka Jidda, da hantsi, ina zaune gefen taga, an riga an ce kowa ya ɗaura ɗamara, har na ji ƙarar fitowar tayoyi a ƙarƙashinmu. Ina leƙawa waje sai ga wani babban jirgi yana tafe daura da mu, tsayinmu ɗaya, gudunmu ɗaya, shi ma tayoyinsa a waje. Ina ganin layin tagoginsa da launin jelarsa sarai. Dattijon da ke kusa da ni, mutumin Mirriya, da haraminsa a jiki, ya damƙe hannuna yana ta salati, bai sake ni ba sai da muka taɓa ƙasa. Ma'aikatan jirgin kuwa ko a jikinsu, kuma babu wanda ya ce mana uffan. Shin karo ne Allah ya tsare mu daga gare shi, ko kuwa haka ake yi dama?

Malam Mahaman, Birni:
Wa alaikumus salam. Alhaji, barka da dawowa, Allah ya karɓi ibada. Na yi shekaru masu yawa ina aikin ba jirage hanya daga hasumiya kafin in yi ritaya, kuma yadda ka kwatanta abin, tsari ka gani. Filin jirgin Jidda yana da titunan sauka guda uku a jere, dukansu sun fuskanci waje ɗaya. Kowane titi a duniya ana ba shi lamba ne daga inda ya dosa a kamfas, a cire sifili na ƙarshe, don haka wanda ya dosa digiri 340 sunansa 34. Idan tituna sun yi jere, lambarsu ɗaya ce, sai a bambanta su da harafi: L na hagu, R na dama, C na tsakiya. A Jidda akwai 34L da 34C da 34R. Na Legas ma biyu ne a jere, 18L da 18R, haka na Dubai da na Adis Ababa, Alƙahira kuwa uku.

Mu nan Damagaram titi ɗaya gare mu, jirgi ɗaya ke sauka sai an jima wani ya zo, shi ya sa idonmu bai saba ba. A manyan filaye kuwa ana jera jirage biyu su sauko tare, kowa a kan layinsa. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce kafin a yi haka da na'ura ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba, sai tazarar da ke tsakanin titunan biyu ta kai mita 1,035. A tsakiyarsu kuma ana shata wani fili a sararin sama mai faɗin aƙalla mita 610, wanda ba a yarda kowane jirgi ya shiga ba. Akwai ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne ya zuba wa wannan fili ido a allon radar, da zarar wani ya karkata ya nufe shi, sai ya umarci maƙwabcin nasa ya kauce ya yi sama.

Malam Lawali, Garin Malam:
Malam Mahaman, ina girmama iliminka, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na yi shekara ashirin ina tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Maraɗi, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne duk inda motoci biyu suka jera, to an bar ƙofar haɗari a buɗe, ko da direbobin gwanaye ne. Taya na iya fashewa, iska na iya tura ka, barci na iya fizgar mutum. Me zai hana a bar jirgi ɗaya ya sauka lafiya, sannan na biyu ya biyo baya? Ni a ganina kwaɗayin kamfanoni ne, ana so a sauke jirage da yawa cikin awa ɗaya, ana caca da rayukan bayin Allah.

Malam Mahaman, Birni:
Maganarka tana da tushe, Malam Lawali, ba zan ce maka kuɗi ba sa cikin lissafin ba. Sai dai ka tuna jirgin da aka hana sauka ba ya iya rakuɓewa gefen hanya kamar mota, dole ya ci gaba da kewaya a sama yana ƙona mai. A lokacin aikin Hajji, idan aka ce sai ɗaya bayan ɗaya, jirage za su taru a saman gari ɗaya, hawa-hawa, kowa yana jiran layi, wasu mai ya fara yi musu ƙasa. Cunkoson sama shi ma haɗari ne, wani lokaci ya fi wanda ake gudu.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne akwai wuri mai hatsari a cikin wannan tsari, amma ba inda Alhaji ya gani ba ne. Idan jirage biyu sun riga sun daidaita a kan layukansu, kowa yana bin siginar titinsa, wannan shi ne lokacin da hankalin mai hasumiya ya fi kwanciya. Wurin tsoro yana can baya, inda kowannensu yake yin kwana don ya hau layinsa, ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, hancinsu yana kallon juna na ɗan lokaci. Idan ɗaya ya zarce layinsa, cikin layin ɗan uwansa zai faɗa. Saboda haka ƙa'ida ta ce a wajen wannan kwanar sai an raba su da tsayin mita 300, wani sama wani ƙasa, ko kuma da nisan mil uku na teku, kuma kada a shigo da jirgi kan layin da karkatar da ta wuce digiri 30.

Mushe Ibro, Karkada:
Baba Mahaman, da izininka zan sa lissafi a kai, irin wanda nake ba ɗalibaina a lise. Babban jirgi idan ya zo sauka yana gudun kusan kilomita 250 a awa, wato wajen mita 70 a kowace daƙiƙa. Idan ya bar layinsa ya karkata da digiri 30, rabin wannan gudun ne ke kai shi gefe, mita 35 a daƙiƙa. To tazarar mita 1,035 zai cinye ta cikin daƙiƙa 30 ko ƙasa kaɗan. A cikin wannan rabin minti ne mai kallon radar zai lura, ya danna rediyo, ya yi magana, matuƙi ya ji, ya fahimta, ya juya jirgi mai nauyin tan ɗari biyu. Ga inda lambar ta samo asali ke nan, lokacin da ɗan Adam ke buƙata ne aka mayar da shi mitoci.

Amma akwai filayen da titunansu ba su kai haka ba. A San Faransisko ta Amurka, tsakanin 28L da 28R kusan mita 230 ne kawai. Da wannan lissafin, daƙiƙa shida zuwa bakwai ke nan. Baba, yaya ake yi a irin wannan wuri?

Malam Mahaman, Birni:
A irin wannan wuri ido ake dogara da shi, Ibro. Idan gari ya yi garau, sai a tambayi matuƙi ko yana ganin jirgin da ke gefensa, idan ya ce yana gani, sai a ɗora masa nauyin kiyaye tazara. Idan hazo ya rufe, wannan hanya ta faɗi, sai a koma kamar titi ɗaya ne, shi ya sa a shekarun baya jiragen da ke sauka can a awa ɗaya sukan ragu da kusan rabi ranar da gari ya lulluɓe. Mu da muka san ƙurar hunturu, ranar da mutum zai tsaya a Birni ya kasa hango duwatsun da ke gabansa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan iyakar ido. Akwai kuma guguwar da fukafukan babban jirgi ke bari a bayansa, wadda iska kan tura ta gefe ta kifar da ƙaramin jirgi. Titunan da tazararsu ba ta kai mita 760 ba, ta wannan fuska kamar titi ɗaya ake lissafa su.

Mariama, ɗaliba a Yamai:
Ina gaida iyayena. Ina karatun wannan fanni ne a EAMAC, makarantar da ke Yamai ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, kuma ina so in kawo misalai uku da suka faru, domin Kawu Lawali ya ga tsoronsa ba a banza yake ba.

Ranar 12 ga Mayu 2021, a filin Centennial kusa da Denba a Amurka, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cirrus da aka ba titin 17R ya zo kwana da gudun da ya wuce ƙima, kwanar ta yi masa faɗi, ya zarce layinsa ya shiga layin 17L, ya daki wani jirgin kaya ƙirar Metroliner ta baya. Ya yage masa wani babban yanki na saman jiki, amma duk da haka matuƙin jirgin kayan ya sauka lafiya, shi kuma ƙaramin ya buɗe lemar da aka ƙera shi da ita, ya sauko da mutanensa biyu. Babu wanda ya mutu. Masu bincike sun ce ban da gudun, ba a sanar da matuƙin jirgin kayan cewa akwai wani a gefensa ba. Shekara guda bayan haka, ranar 17 ga Yuli 2022, a Las Begas ta Arewa, an ba wani jirgi ƙirar Piper titin 30L, shi kuwa ya nufi 30R inda wani ƙaramin Cessna yake saukowa. Mutum huɗu suka rasu, wato duk waɗanda ke cikin jiragen biyu.

Na ukun shi ne ya fi tayar mini da tsigar jiki. Daren 7 ga Yuli 2017, dab da ƙarfe goma sha biyu, jirgin Air Canada mai lamba 759 ya taso daga Toronto zai sauka San Faransisko a kan 28R. A daren an rufe 28L don gyara, an kashe fitilunsa. Matuƙan sun saba ganin layuka biyu na fitilu, sai suka ɗauki 28R a matsayin na hagu, suka ɗauki hanyar da jirage ke bi a ƙasa, wadda ke damansa, a matsayin titinsu. A kan wannan hanya kuwa jirage huɗu ne a jere cike da mutane sama da dubu, suna jiran tashi. Wani matuƙi daga cikinsu ne ya yi magana a rediyo cewa wannan jirgi kan hanyarsu ya nufo. Kafin ya koma sama, sai da ya sauko har saura mita 18 tsakaninsa da ƙasa. Sanarwar rufe titin tana cikin takardun da aka ba su, amma a shafi na 8 cikin shafuka 27, kuma kyaftin ɗin ya yi sama da awa 19 bai runtsa ba.

Malam Lawali, Garin Malam:
To kun ji. Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da nake nufi. Awa 19 babu barci, ko kabu-kabu ban yarda mutum ya tuƙa a haka ba, balle jirgi. Amma ni na ji ana cewa kowane jirgi yana da na'urar da ke hana shi karo da wani. Ina take a duk waɗannan?

Mariama, ɗaliba a Yamai:
Akwai ta, Kawu, TCAS ake kiranta, kuma dole ce a manyan jiragen fasinja. Na'urorin jirage biyu suna magana da juna ba tare da hasumiya ba. Idan suka ga za a haɗu, da farko su gargaɗi matuƙi, idan abin ya matso, saura kamar daƙiƙa 15 zuwa 35, sai ɗaya ta ce wa nata ya hau, ɗayar ta ce wa nata ya sauka. Sai dai tana da iyaka a daidai wurin da muke magana. Idan jirgi ya yi ƙasa da kusan mita 300 daga ƙasa, na'urar tana daina ba da wannan umarni, don ba zai yiwu a ce wa jirgin da ke dab da rufin gidaje ya ƙara yin ƙasa ba. Kuma ƙananan jirage irin na misalan farko ba a tilasta musu ɗaukarta ba.

Mushe Ibro, Karkada:
Idan na'ura ta ce hau, mai hasumiya kuma ya ce sauka, wa za a bi? Ni da na ɗauka mutum za a bi, tunda shi ke ganin sararin gaba ɗaya.

Malam Mahaman, Birni:
Na'ura za a bi, kuma da jini aka rubuta wannan ƙa'ida. Daren 1 ga Yuli 2002, a saman Uberlingen a kudancin Jamus, jirgin fasinja na Rasha ƙirar Tupolev da jirgin kayan DHL suka doshi wuri ɗaya. Na'ura ta ce wa na DHL ya sauka, ta ce wa na Rasha ya hau. Ma'aikacin ba jirage hanya da ke Zurik ta Suwizalan, wanda shi kaɗai ne a bakin aiki a lokacin, bai san abin da na'urorin suka faɗa ba, ya umarci na Rasha ya sauka, shi kuma ya bi maganar mutum. Dukansu suka yi ƙasa tare. Mutum 71 suka mutu, da yawansu yara ƴan makaranta da za su hutu. Tun daga nan aka ƙarfafa doka cewa idan na'ura ta ba da umarni, matuƙi ya bi ta, mai hasumiya kuma ya yi shiru har sai an wuce.

Zan gaya muku abin da ya same ni, wanda ko iyalina ban cika ba su labarinsa ba. An taɓa tura ni ƙarin horo a wani fili mai tituna biyu a jere, a wata ƙasa. Wani dare, ƙarshen aiki ya kusa, na ba wani jirgi titin hagu. Ƙa'ida ita ce matuƙi ya maimaita abin da aka gaya masa, ni kuma in saurara in tabbatar. Ya maimaita, ya ce dama. Wallahi kunnena hagu ya ji, domin hagu nake jiran ji. Na riga na juya ga wani jirgin, sai dattijon da ke horar da ni, yana zaune bayana da kofin shayi a hannu, ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, dama ya ce maka. Na dubi allo, ga ɗigon jirgin ya fara lanƙwasa zuwa layin da wani yake kai. Na kira shi, ya gyara, tsayin mita 300 da ke tsakaninsu bai taɓu ba, fasinjojin ba su san an yi komai ba. Da na tashi daga kujerar, rigata ta jiƙe sharkaf duk da sanyin ɗakin, hannuna na rawa har na kasa riƙe biro. Shi ya zaunar da ni, muka rubuta rahoton tare a wannan daren, da sunana a kai.

Malam Lawali, Garin Malam:
Allahu akbar. Malam Mahaman, ka yi mini afuwa, amma in tambaya: an hukunta ka? Domin ni a fahimtata, inda babu horo sakaci ke yawa.

Malam Mahaman, Birni:
Ba a hukunta ni ba. An saurari faifan maganar, an ƙara mini kwanakin horo, an karanta rahoton ga sauran ma'aikata. Da an kore ni, na gaba da zai yi irin wannan kuskure ɓoyewa zai yi, kuma ba za a san ramin yana nan ba sai ranar da wani ya faɗa. Wanda ya zo aiki a buge ko ya taka doka da gangan, wannan hukunci ya hau kansa, babu gardama. Amma kunnen da ya ji abin da yake tsammani, kowa yana da irinsa. Dokar ICAO ta binciken haɗari ma cewa ta yi manufar bincike ita ce hana sake faruwa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba.

Hajiya Rabi, Zango:
Ni ma na taɓa shiga irin wannan tashin hankali, shekarun baya, a hanyar sayo kaya. Mun sauko har ina ganin motoci da mutane a ƙasa, sai kawai injin ya yi wata irin ƙara, jirgin ya ɗaga hanci ya koma sama da ƙarfi, bayana ya manne da kujera. Wata mata a gabana ta fasa kuka, ƙaramin ɗanta ya yi amai a kan zanenta. Sai da muka yi kusan minti goma sha biyar muna kewayawa kafin muka sauka. Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar da matuƙin ya yi daga baya da Turanci ce, cikin sauri, mu da yawa ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Yaya Mahaman, shin wannan ma kusan karo ne?

Malam Mahaman, Birni:
Hajiya, fasa sauka dalilansa suna da yawa: wanda ya riga ku bai gama barin titi ba, ko iska ta juya, ko matuƙi ya ga saukowar ba ta daidaita ba. Abu ne da ake koya wa kowane matuƙi tun farkon karatunsa, kuma mu a hasumiya mun fi son mai fasawa a kan mai nacewa. A tituna masu jere an riga an tsara cewa idan jirage biyu suka fasa a lokaci ɗaya, hanyoyinsu za su rabu da aƙalla digiri 30, kowa ya yi nasa gefen. Shirun da kika ji da farko kuwa, hannunsu da bakinsu duk a cike suke a waɗannan mintoci. Amma batun harshe kina da gaskiya, jirgin da ya ɗauko Hausawa ya kamata a samu mai yi musu bayani da Hausa.

Mariama, ɗaliba a Yamai:
Harshe ma matsala ce har tsakanin ma'aikatan kansu, Inna, kuma ta shafe mu a ƙasashen da ake aiki da Faransanci. Ranar 25 ga Mayu 2000, a filin Sharl da Gol na Faris, an ba wani jirgin Faransa izinin tashi da Faransanci, alhali ana magana da matuƙan wani ƙaramin jirgin kaya na Ingila da Turanci. Ƴan Ingilan ba su fahimci an sallami wani a kan titin ba, suka shigo, fiffiken babban ya yanki ɗakin tuƙinsu, mataimakin matuƙin ya rasu. Idan kowa yana jin abin da ake gaya wa kowa, matuƙi kan kama kuskuren da hasumiya ba ta kama ba, kamar yadda aka yi a San Faransisko.

Malam Lawali, Garin Malam:
Na karɓi batun kwana da batun tazara, kuma na janye kalmar caca. Abin da ban janye ba shi ne batun mutum ɗaya a bakin aiki da dare, da matuƙin da bai yi barci ba. A labaran da kuka kawo, sau biyu ke nan abin yana fitowa, kuma Malam Mahaman da kansa dattijon da ke bayansa ne ya cece shi. Duk mitocin da Mushe ya lissafa, idan aka rage ma'aikata don tsimin albashi, a takarda kawai za su tsaya.

Alhaji Sani, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya. Kun ce tazarar ta wuce kilomita guda, ni kuwa wallahi gani na yi kamar in an buɗe taga zan iya yi wa na cikinsa magana. Ko idona ne ya ruɗe ni?

Mushe Ibro, Karkada:
Alhaji, a sama babu bishiya ko gini da ido zai auna nisa da su, ga shi kuma gudunku ɗaya, sai ya zama kamar a tsaye yake kusa da kai. Babban jirgi irin Boeing 777 mai dogon jiki tsawonsa ya kai mita 74. Idan yana nesa da kilomita guda, ka miƙa hannunka sosai, yatsu biyu zuwa uku za su rufe shi daga hanci har jela, amma duk da haka layin tagoginsa da launin jelarsa za su fito maka. Idan kuwa tazarar irin ta San Faransisko ce, tafin hannunka gaba ɗaya ba zai rufe shi ba. Ka tuna girman da ka gan shi, ka gwada.

Alhaji Sani, Sabon Gari:
Na miƙa hannu yanzu a ƙofar shago na kwatanta, yatsu uku ne ko ƙasa da haka. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan je kasuwar Mirriya, zan nemi dattijon nan in gaya masa, domin har muka rabu a Makka bai daina maganar ba, kuma ya ce mini yana da niyyar kai mai ɗakinsa baɗi amma tsoro ya hana shi yanke shawara.